Ku Tambayi Malama: Zan ɗauki nauyin karatun yaran unguwa, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Tun da aka koma makaranta wayata ba ta huta ba, kuma kusan duk saƙonnin kan abu ɗaya suke, kuɗin makaranta da wa zai biya wa wa. Na zaɓi biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage tsawon wasu don akwai bawan Allahn da sai da ya ba ni tarihin kakansa kafin ya zo kan tambaya. Masu tambayar aure da kishiya ku yi haƙuri sai wani satin.

TAMBAYA: Malama ina wuni, ya sanyin garin namu. Ni ɗan kasuwa ne ina sayar da yadi a wajen Terminus, Alhamdulillah bana Allah ya ɗan buɗa min, to kullum in na fito daga gida a Anguwar Rogo sai in ga yara ƙarfe tara ƙarfe goma suna yawo wasu da farantin talla wasu kuma haka nan kawai ba aikin fari ba na baƙi, abin yana damuna wallahi, shi ne na ce zan ɗauki yara goma in sa su a makarantar kuɗi in biya musu na wannan zangon gaba ɗaya, amma wani abokina ya ce ɓarnar kuɗi ce tunda makarantar gwamnati kyauta ce iyayen ne kawai ba sa so. Wanne ne gaskiya, kuma ta ina zan fara?

AMSA: Lafiya lau Alhaji, sanyi kam sai godiya, Allah ya ƙara buɗi ya sa ka fi haka. Abokinka ya faɗi gaskiya rabi ya haɗiye rabi. A takarda haka ne, tun 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin farko ga kowa, wato UBE, a Sakkwato lokacin Obasanjo, a 2004 aka yi masa doka, dokar ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne, har hukunci ta tanada wa uban da ya ƙi kai ɗansa da kuma wanda ya karɓi kuɗi a hannun ɗalibi. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta don wannan, jiha sai ta kawo nata rabin kafin ta ɗauka, kuma sau da yawa kuɗin yana kwance a Abuja don wasu jihohin ba su kawo nasu ba. Wannan kenan a takarda. Amma ni da na riƙe alli sama da shekara talatin a garin nan zan gaya maka babu uwar da ta taɓa kai ɗanta makaranta ta dawo da kuɗinta yadda ta fita da su. Yunifom fa? Sandal da safa? Littafin rubutu wanda kowane malami nasa daban yake so, fensir da ke ɓata duk kwana biyu, kuɗin PTA, kuɗin takardar jarrabawa, kuɗin tara, in makarantar da nisa kuɗin keke zuwa da dawowa. Ga kuma abin da mu mutanen Jos muka sani wanda na Kano bai cika damuwa da shi ba, suwaita. Yaro ba zai fito ƙarfe bakwai na safe a watan Disamba ko Janairu da 'yar shara-sharar riga ba.

Bari in ba ka labari. Ina koyar da aji huɗu akwai wata yarinya mai kaifin kai, irin waɗanda kafin ka gama rubuta lissafi a allo sun ɗaga hannu, kawai sai ta ɗauke ƙafa. Sati ɗaya, sati biyu, 'yan ajin suka ce sun ganta da bokitin awara a Bauchi Road. Ranar Asabar na sa aka raka ni gidansu, ɗaki ɗaya ne a gidan haya, na tarar da uwar a tsugune tana tace waken suya hannunta duk ya yi fari ya tsattsage don sanyi, uban ya rasu. Na fara mata wa'azin ilimin 'ya mace irin namu na malamai, ta bar ni sai da na gama tas sannan ta ce Malama na ji, amma abin da yarinyar nan take kawowa kafin azahar da shi muke auno garin tuwon dare, in ta tafi makaranta me zan ba ƙannenta? Sannan ta ɗauko min sandal ɗin yarinyar daga ƙarƙashin gado, an ɗinke shi an sake ɗinkewa har mai gyaran takalmi ya ce ba sauran wajen sa allura. Wallahi bakina ya mutu. Wannan matar ko ka biya wa 'yarta makarantar da ta fi kowacce tsada a Filato ba za ta je ba, don ba kuɗin makaranta ne ya hana ta ba, tuwon dare ne. Abin da ya dawo da ita aji shi ne wata abokiyar aikina ta ƙara wa uwar jari ta sayo waken suya da yawa a Katako maimakon kwano ɗaya-ɗaya da take saye da tsada, muka roƙi wani mai shago a bakin layi ya bar ta ta riƙa suya a gefen shagonsa da yamma, talla ta ƙare. Takalmi kuma ni na saya, kuɗinsa bai kai abin da nake kashewa a kati a wata ba.

To ka ga abu na farko kenan, kafin ka biya komai ka shiga gidan ka ji me ya hana yaron zuwa. Kar ka tambayi yaron a titi, ka je da mai unguwa ko limamin masallacinku, in gidan marainiya ce ko bazawara ka tura Hajiyarka ko ƙanwarka, za a fi gaya mata gaskiya kuma ka tsira da mutuncinka daga bakin mutane.

Na biyu, kuma nan ne zan ɗan taka maka burki, batun yara goma zango ɗaya ɗin nan bai kwanta min ba. Zango uku ne a shekara. Yaron da ka sa aji ɗaya yau sai ya yi shekara goma sha biyu kafin ya rubuta WAEC, zango talatin da shida kenan, sau yara goma, ka ɗauko kalkuleta ka buga da kanka. Kuma kuɗin makarantun kuɗi ba ya tsayawa waje ɗaya, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka ga yadda komai ya tashi, su ma masu makarantun haya suke biya da albashi. Kasuwa kuma kai ka fi ni sani, yau gare ka gobe ga wani, mutanen Terminus da suka ga gobarar babbar kasuwa ta 2002 ba sai an ba su labari ba. Abin da na gani da idona sau ba adadi shi ne a ɗauki yaro da zafi-zafi a kai shi makaranta mai kyau, ya saba da benci da abokai, zango na uku mai biya ya ɓace, a kira sunansa a asambuli cikin masu bashi a kora shi gida, ya ji kunyar komawa ta gwamnati don 'yan unguwa za su yi masa dariya, shi kenan ya zauna. An yi ba a yi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da ni ce kai, zan ɗauki biyu ko uku waɗanda na san ko kasuwa ta yi sanyi zan iya kai su ƙarshe, ragowar kuɗin kuma in duba makarantar gwamnatin da ke kusa, in tambayi hedimasta yaran da suka daina zuwa, in ɗinka musu yunifom (kai da yadi ke hannunka ma, wa ya fi ka sauƙi), in saya musu suwaita da takalmi da littattafai. Da kuɗin yaro ɗaya a makarantar kuɗi za ka iya mayar da yara da dama aji. In za ka biya kuɗin makaranta ka biya a asusun makarantar kai tsaye ka karɓi rasit, ba don iyayen ɓarayi ba ne, a'a, gidan da ba abinci in kuɗi ya shigo tukunya za shi kuma ba wanda zai ga laifinsu. Ƙarshen kowane zango ka ce a kawo maka katin sakamako ka duba, ba lambar da ya zo kaɗai ba, ka duba wajen da aka rubuta kwana nawa ya zo makaranta, nan ne labarin yake.

TAMBAYA: Salam Malama. Ni ma'aikaciya ce a Abuja ina zaune a Kubwa amma 'yar Jos ce, iyayena suna Rikkos. Ina fitar da zakka duk shekara daga ɗan abin da na tara da gwal ɗina, to bana ina so in biya wa yaran maƙwabciyar mamata kuɗin makaranta da ita, mijinta ya daɗe kwance ba lafiya, sannan akwai 'ya'yan yayana shi ma yana fama. Wata ta ce min zakka ba a biyan kuɗin boko da ita. Dan Allah ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya karɓa. Ni malamar firamare ce ba mai fatawa ba, amma ga abin da muka karanta a gaban malamanmu. Allah da kansa ya raba zakka gida takwas a Suratut Tauba aya ta 60, na farkonsu faƙirai da miskinai. To abin dubawa ba wai boko ne ko islamiyya ba, abin dubawa shi ne wanda za ki ba ɗin yana cikin mutanen nan takwas? Matar da mijinta ke kwance ba mai shigowa da komai ai ba sai an yi dogon bincike ba. In kin ba ta ya zama nata, ta biya makaranta da shi ko ta sayi magani ko masara, duk ya halatta.

Inda ake samun 'yar matsala shi ne malamai da yawa suna cewa zakka mallaka ake yi wa talakan, ba ki yanke masa abin da za a yi da ita ba tare da saninsa ba. Mafita mai sauƙi ita ce ki kira ta ki ce ga abin da nake da niyya, kin yarda in biya wa yara makaranta da shi a madadinki? In ta ce eh kin zama wakiliyarta, ki tura wa makarantar. In ta ce Anti wallahi asibiti ya fi matsa mana, to ki ba ta abinta, ita ta san inda ke mata ƙaiƙayi. 'Ya'yan yayanki kuwa in dai shi mabuƙaci ne ya halatta, har ma lada biyu ne, na sadaka da na zumunci. Waɗanda ba a ba su su ne waɗanda ciyar da su ya rataya a wuyan mutum, kamar uba ya ce zai biya wa ɗansa na cikinsa makaranta da zakkarsa, wannan wayo ne ba zakka ba. Gina aji ko sayen benci kuma akasarin malamai sun ce a yi shi da sadaka ko waƙafi, ba da zakka ba.

Abu ɗaya zan ƙara, zakka sau ɗaya take fita a shekara, kashi biyu da rabi cikin ɗari, makaranta kuwa sau uku take neman kuɗi. Ki lissafa tun yanzu ko za ta kai zango uku, in ba za ta kai ba ki gaya wa matar gaskiya tun wuri kar ta saki jiki. Batun gwal na kwalliya da ake sawa akwai saɓani a kansa tsakanin mazhabobi, wannan ki kai wa malamin da kika yarda da shi, a Kubwa ba a rasa ba.

TAMBAYA: Malama don Allah ki raba mu faɗa. Mu tsofaffin ɗalibai ne da muka gama sakandare tare a nan Jos, muna da guruf a WhatsApp mutum sun fi tamanin wasu a Abuja wasu Kaduna wasu har Ingila, muka ce kowa ya riƙa ba da dubu biyu duk wata mu biya wa marayu kuɗin WAEC da NECO, shekara ta farko lafiya lau, to kuɗin asusun mutum ɗaya yake shiga shi ne ma'aji, yanzu wata huɗu ba mu ga lissafi ba in an tambaya sai ya ce ba a yarda da shi ba ne, wasu sun daina biya, sannan kuma shugaban namu yana so ranar da za a raba a jera yaran a ɗauke su hoto da bidiyo a sa a Facebook wai don a jawo masu taimako, ni kuma raina bai so ba aka ce ina da baƙin ciki. Me kika gani?

AMSA: Ƙanena ba ka da baƙin ciki, kana da kunya ne, kuma ita ce ta yi ƙaranci yanzu. Amma bari mu fara da kuɗin.

Ban ce ma'ajinku ya ci ko sisi ba, ban san shi ba. Sai dai ku ne kuka zalunce shi tun farko da kuka zuba kuɗin jama'a a asusun da yake karɓar albashinsa yake cefane da shi. Ko waliyyi ne wata rana ɗansa zai yi zazzaɓi da tsakar dare ya ce bari in ara in mayar ƙarshen wata, daga nan lissafi ya cakuɗe, kunya ta hana shi magana, sai ya koma cewa ba a yarda da shi ba. Na ga an yi haka a adashin malamai, na ga an yi a ƙungiyar mata, zumuncin shekara ashirin ya watse kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kar ku titsiye shi a guruf gaban mutum tamanin. Mutum biyu masu hankali su je su same shi a gida, a ce ya ciro bayanan asusun daga banki na watannin nan, a zauna a tsince abin da ya shiga da abin da ya fita, in akwai giɓi a yi masa hanyar biya a hankali a rufa masa asiri. Daga nan ku buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kuɗi zai fita. Banki zai nemi takardar rajista, wannan a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ake yi, ƙarƙashin sashen amintattu na dokar kamfanoni ta 2020, kuna buƙatar amintattu da tsarin mulkin ƙungiya a rubuce, kuma za a iya neman ku yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Ba abin tsoro ba ne, cikin mutum tamanin ba za a rasa lauya ko akanta ba, a ɗora masa. Sannan duk ƙarshen wata ma'aji ya turo lissafi guruf ko ba wanda ya tambaya, layi uku ma ya isa, ga abin da ya shigo ga abin da ya fita ga saura. Mutane ba rowa ce ke sa su daina biya ba, shiru ne.

Kuma ku lura da lokaci, rajistar WAEC da NECO makaranta ce ke yi wa ɗalibanta kuma tana da ranar rufewa, in kuka tsaya rigima har aka rufe yaro ya yi asarar shekara guda ko ku biya tarar latti. Ku tabbatar kowane yaro yana da lambar NIN tun wuri, don tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da ita, kuma sunan da ke jikinta ya yi daidai da na makaranta, harafi ɗaya ya sha bamban sai an sha wahala.

Yanzu hoto. Ku tambayi shugaban naku, da ɗansa ne zai yarda a tsayar da shi riƙe da ambulan a rubuta maraya a ƙasan hotonsa duniya ta gani? Yaron da zai rubuta WAEC ba jariri ba ne, saurayi ne ko budurwa, abokansa suna Facebook ɗin nan, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka, shekara goma nan gaba ya je neman aure ko aiki hoton na nan. Yaron ba zai iya ce muku a'a ba don yana buƙatar kuɗin, to yardar da aka samu a haka ba yarda ba ce. Suratul Baƙara aya ta 271 ta ce in kun bayyana sadaka da kyau, in kun ɓoye kuka ba mabuƙata shi ya fi muku alheri, ku lura sadakar aka ce a bayyana, ba fuskar mai karɓa ba. Na yarda masu ba da kuɗi suna son ganin shaida, haƙƙinsu ne, to ku nuna musu rasit an rufe sunan yaron, ku ce bana mun biya wa yara kaza a makarantu kaza, kaza sun ci. Wanda bai gamsu da rasit ba sai ya ga hawayen maraya, ku bar shi da kuɗinsa.

TAMBAYA: Malama ni direban babbar mota ne ina ɗaukar dankali da kayan gwari daga Farin Gada zuwa kudu. Aminina ya rasu a rikicin 2008 ya bar jariri, tun daga nazare ni nake biya masa har ya gama sakandare ban taɓa fashi ba ko lokacin da motata ta kwanta, to sakamako ya fito bai ci lissafi da turanci ba, kuma yanzu ko gaishe ni ba ya zuwa yi, in ya hango ni sai ya canza hanya. Raina ya ɓaci sosai matata ta ce in cire hannuna. In cire?

AMSA: Allah ya jiƙan amininka, kai kuma Allah ya saka maka, irinku ba su da yawa. Annabi (SAW) ya ce shi da mai kula da maraya kamar haka suke a Aljanna, ya haɗa yatsunsa biyu, kuma bai sa sharaɗin sai marayan ya ci lissafi ba.

Ni a ganina yaron nan ba raini ke sa shi canza hanya ba, kunya ce. Ya san abin da ka kashe, wataƙila tun yana ƙarami ake ce masa ka ga Baba wane yana wahala a kanka kar ka ba shi kunya, yau ga shi ya faɗi, da wane ido zai kalle ka? Yaran da ake biya wa makaranta suna ɗauke da wani kaya a ka wanda 'ya'yan gida ba su san shi ba, ɗanka in ya faɗi zai sha faɗa ya ci tuwo ya kwanta, shi kuwa gani yake ya ci amana. Kar ka aika a kira shi, kiran zai zame masa kamar sammaci. Kai ka je, ko ka ce ya raka ka tasha ya taya ka duba lodi, a mota kuna kallon gaba ba kuna kallon juna ba magana ta fi fita. Kuma don Allah kalmar nan ta "duk abin da na yi maka" ka haɗiye ta, aya ta 264 a Baƙara ta gargaɗe mu kar mu ɓata sadakarmu da gori, shekara goma sha kana tarawa kar minti biyu ya kwashe.

Faɗuwa lissafi da turanci ba ƙarshen duniya ba ne, dubbai ke faɗuwa duk shekara su sake. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu wadda ba sai ta makaranta ba, kuma yawancin makarantun gaba suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa. Amma kafin ka biya ka tambaye shi shi me yake so, ka kuma sa wani malami ya gwada shi ya ga ina gizo ke saƙar, don wani yaron tun aji uku aka wuce shi bai iya karatu sosai ba aka yi ta tura shi gaba don ana biya. In haka ne wata shida na lesin mai kyau ya fi masa sake jarrabawa sau uku. In kuma ya ce Baba ni hannuna ya fi kaina, to kai da ka san kanikawa da masu walda da masu wayarin mota a garin nan, ka damƙa shi a hannun na kirki, yana koyo yana shirin sake jarrabawar. Hajiya kuma ka ba ta haƙuri, ita ma da haƙƙinta a ciki, duk abin da ka ba yaron nan daga tukunyarta aka rage.

TAMBAYA: Anti ina kwana. Ni ce wadda wani bawan Allah ya biya wa tun daga JSS 1 har na gama, na ci JAMB na samu gurbi a Jami'ar Jos, to yanzu ya ce ƙarfinsa ya ƙare iya nan zai tsaya, mamata kuma ƙosai take sayarwa. Ina ta kuka ban san ya zan yi ba kar gurbin ya wuce ni.

AMSA: Share hawayenki 'yata, barka da wannan nasara. Farko ki shirya ke da mama ku je ku yi wa mutumin nan godiya ta gaske, shekara shida ba wasa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa miki gaskiya tun yanzu bai bari kin shiga kin maƙale a tsakiya ba.

Sai ki nemi bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda aka fara a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati, kuma Jami'ar Jos ta tarayya ce. Babu ruwa a kansa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'ar, akwai kuma na kashewa naira dubu 20 a wata ga wanda ya nema, biya kuma sai shekara biyu bayan kin gama bautar ƙasa. Za a nemi lambar JAMB ɗinki da NIN da BVN da asusun banki mai sunanki, a shafinsu na intanet ake cikewa kuma ba a biyan ko kwabo, duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya yi miki hanya ɗan damfara ne. Sai dai ki sani ba ya fitowa yau-yau, sai makaranta ta tura bayananki an tantance, don haka kuɗin karɓar gurbi da na rajistar farko ki nemo su ta wata hanya. Ki rubuta adadin daidai a takarda, ki haɗa da kwafin takardar gurbin, ki kai wa dangin babanki, da kwamitin masallacin unguwarku, da kansilanku, da tsohuwar makarantarki in tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Mutum ya fi saurin sa hannu a aljihu in ya ga takarda da adadi da ranar rufewa, kuma kar ki raina dubu biyar ɗin wani. Ki je ofishin kula da harkokin ɗalibai ki tambaya ko ana biya kashi-kashi, ki kuma leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku da takardar shaidar ƙaramar hukuma. In a Jos kike ba sai kin kama hostel ba, daga gida za ki riƙa zuwa, wannan kaɗai ya rage miki kaya mai yawa. Ki sake rubuto min kafin ranar rufe rajistar ki gaya min nawa kika haɗa nawa ya rage.